Daga moto zuwa mota: labarin Hubert Auriol, zakaran Tenere

Duk wanda ya zauna Agadas a shekarun 1980 ya san abin da watan Janairu kan kawo ban da sanyi da hazo. Rana ɗaya sai gari ya cika da ƙugin inji. Babura ne ke fara shigowa, ɗaya bayan ɗaya, mahayansu sun yi furu-furu da ƙura har ba a rarrabe fuskar wani da ta wani. Bayansu ƙananan motoci, can da tsakar dare kuma manyan kamiyo masu ɗauke da tayoyi da kayan gyara. Filin jirgin sama ya koma zango. Maƙeran azurfa da dukawa su baza hajarsu, yara su yi ta kewaya baƙi suna kallo. Kwana ɗaya ko biyu sai a wayi gari sun tashi, sun bar sawun taya bisa rairayi. Wannan shi ne tseren Pari-Dakar.

Cikin waɗannan baƙi akwai wani dogon Bafaranshe mai yawan murmushi, sunansa Hubert Auriol. Ƴan uwansa Faransawa sun yi masa laƙabi da «ɗan Afirka». Sau biyu ya ci tseren bisa babur, a 1981 da 1983. Daga baya ya sauka daga babur ya shiga mota, ya sake ci a 1992. Kafin shi babu wanda ya taɓa haɗa biyun.

A bakin mutanen Nijar harafi guda ne ya raba moto da mota. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka haka abin yake a fagen tsere, wato gwanin ƙafa biyu in ya samu ƙafa huɗu sai sauƙi ya ƙaru. Auriol kuwa shekara biyar ya yi kafin ya ƙetare wannan harafi guda.

Yadda abin ya faro

An haifi Hubert Auriol ran 7 ga watan Yuni 1952 a Adis Ababa, babban birnin Habasha, inda ubansa ke shugabancin kamfanin jirgin ƙasa mai zuwa Jibuti. Can ya yi ƙuruciyarsa kafin iyayensa su koma Faransa. Laƙabin nan nasa daga nan ya samo tushe.

Tseren kansa wani saurayi ne ya ƙago shi, Thierry Sabine. A 1977 Sabine ya shiga tseren Abijan zuwa Nis bisa babur, ya ɓace cikin hamada wajen iyakar Nijar da Libiya, da ƙyar aka gano shi da rai. Maimakon ya yi rantsuwar ba shi ba hamada, sai ya koma gida da niyyar kawo wasu su ga abin da ya gani. Ran 26 ga watan Disamba 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga Pari. Suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasat zuwa Agadas da Yamai, suka bi ta Gawo da Bamako. Guda 74 ne kawai suka ga Dakar. Cyril Neveu ya zo na ɗaya bisa Yamaha XT 500. Auriol ma yana cikin ayarin bisa irin wannan babur, kuma ya kai ƙarshe.

Ya kamata mai karatu ya san cewa irin wannan tsere, wanda ake kira rali, ya bambanta da sukuwar dawaki ta ranar salla. Ba a sakin mahaya gaba ɗaya. Kowa da lokacin tashinsa, ana ba da tazara tsakanin wannan da wancan. An raba tafiyar zango-zango, kowace rana da nata, kuma kowace rana ana rubuta sa'o'i da mintocin da mutum ya yi. Ran ƙarshe a tara lissafi, mai ƙarancin lokaci shi ne zakara. Saboda haka mutum na iya cin zango biyar a jere, ran na shida ya ɓace hanya sa'a uku, duk abin da ya tara ya zube. Gudu kaɗai ba ya kai mutum Dakar.

Kamfanin BMW na Jamus ya lura da Auriol ya ɗauke shi. A 1981 ya ba su nasararsu ta farko bisa babur ɗin da ake kira R 80 G/S. Amma shekarar da ta kafa sunansa ita ce 1983, kuma a ƙasar Nijar abin ya faru.

Guguwar Tenere

A wannan shekara ne Sabine ya fara ratsa ainihin Tenere da ayarinsa. Wanda ya taɓa bin ayarin gishiri daga Agadas zuwa Fashi da Bilma, tafiyar kusan kilomita 600, ba ya bukatar a bayyana masa ko mene ne Tenere. Ba dutse, ba itace, ba tudun da ido zai riƙe. Itaciyar nan guda da matafiya suka daɗe suna auna hanya da ita, mota ta kayar da ita tun 1973, gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. Cikin wannan fili iska ta taso wa ƴan tsere. Rairayi ya rufe sama da ƙasa, sawun na gaba ya shafe kafin na baya ya iso. Kimanin mutum 40 suka ɓace. Kwana huɗu Sabine ya yi yana shawagi da jirgi mai saukar ungulu kafin a tattaro su duka, kuma cikin ikon Allah ba a rasa rai ba.

Auriol bai ɓace ba. Ya riƙe alƙiblarsa cikin wannan duhu, ya fito ya ba abokan hamayyarsa tazarar fiye da sa'a guda. Da wannan tazara ya kai Dakar.

A nan ne ya dace a tsaya a dubi aikin mahayin babur cikin hamada, domin shi ne jarin da Auriol ya shiga mota da shi daga baya. A zamanin nan babu na'urar tauraron ɗan Adam. Abin da mahayi ke da shi uku ne: busol mai nuna arewa, agogon ƙidayar kilomita, da takardar hanya wadda masu shirya tsere ke rabawa, an zana alamomi a ciki, ana naɗe ta cikin ɗan akwati bisa kan babur. Mutum guda ne zai tuƙa, shi zai murza takardar, shi zai duba busol, shi zai yi lissafi cikin kansa, alhali babur na gudun fiye da kilomita 100 a sa'a. In ya sunkuya ya daɗe yana karatu, rami ya ɗauke shi. In ya ƙi karatu, ya ɓace.

Sauran ilmin kuwa ba ya cikin takarda. Shi ne karatun ƙasa, irin wanda madugan Abzin suka gada kaka da kakanni. Tudun rairayi fuska biyu gare shi. Wajen da iska ke bugu yana da ƙarfi, hawansa a hankali yake. Ɗaya wajen kuwa gangare ne mai tsayi, rairayinsa lugub, ƙafa na nutsewa. Da sassafe rairayi ya fi ɗaukar nauyi, domin sanyin dare ya ɗaure shi. Da rana tsaka ya saki, kuma inuwa ta ɓace, tudu da kwari su zama launi guda, ido ya kasa raba su. Akwai kuma wata ƙasa mai kama da toka, samanta kamar ta bushe ta yi tauri, ƙarƙashinta gari ne zalla. Mahayin babur yana koyon waɗannan da jikinsa, saboda duk kuskuren da ya yi ƙashinsa ne ke biya. Wanda ya yi shekara tara yana wannan karatu bai mutu ba, lalle ya iya.

A 1984 Auriol ya zo na biyu, bayan abokin aikinsa na BMW, Gaston Rahier ɗan ƙasar Beljik, wani gajeren mutum wanda sai ya tayar da babur yana gudu a gefensa sa'an nan ya ɗare bisa. Zakaru biyu ba su daɗe cikin akurki guda ba. Auriol ya koma wajen kamfanin Cagiva na Italiya, ƙaramin kamfani mai neman suna, da alkawarin kai shi Dakar a gaba.

Ƙafa biyu a rana guda

Shekarar 1986 ta zo da makoki. Ran 14 ga watan Janairu jirgin Sabine ya faɗi kusa da Gurma-Rarus a ƙasar Mali, ya mutu tare da mutum huɗu, cikinsu har da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya biyo tseren domin aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. An watsa tokar Sabine gindin wata itaciya da ke tsaye ita kaɗai a arewacin Tenere, kuma har yau da sunansa ake kiranta.

Tseren da ya biyo baya, na 1987, shi ne wanda har yanzu tsofaffin ƴan kallo ke ba da labarinsa. Tun daga Aljeriya har bakin kogin Sanagal mutum biyu ne ke ja-in-ja, Auriol bisa Cagiva, Neveu bisa Honda. Neveu ya riga ya ci sau huɗu. Mako uku ana tafiya, mintoci ƙalilan ne tsakaninsu, Auriol ke gaba. Saura zango biyu a shiga Dakar.

A zangon kusa da na ƙarshe, cikin dajin arewacin Sanagal, hanya ta ratsa tsakanin itatuwa. Auriol na cikin gudu ƙafafunsa suka daki kututturan da ciyawa ta ɓoye. Idon sawunsa biyu suka karye nan take. Saura kamar kilomita 20 a kai ƙarshen zango. Ya koma bisa babur a haka. Mai karatu ya tuna cewa da ƙafar hagu ake sa giya, da ta dama ake taka birkin baya, kuma bisa ƙafafun nan biyu mahayi ke tsayawa duk sa'ad da ƙasa ta yi gargada. Da karyayyun ƙafafu ya yi wannan tafiya har ya iso.

Ƴan telebijin na wurin. Mutanen Faransa sun ga an sauko da shi an shimfiɗe a ƙasa, likitoci na fama da takalmansa, yana kuka kamar yaro. Cikin kukan ya shaida cewa Neveu ya fi shi, kuma shi da babur har abada. Washegari Neveu ya shiga Dakar da nasararsa ta biyar, Auriol kuwa yana hannun likitoci.

Ya cika alkawarin da ya yi a kwance. Bai sake tsere bisa babur ba. Shekararsa 34 a lokacin, kuma hamada ba ta fita daga ransa ba.

Mota mai kujera guda

Da Janairu ta 1988 ta zagayo sai ga Auriol a bakin layi, cikin mota. Amma wace irin mota? Wata ƴar ƙaramar aba ce mara nauyi, irin wadda ake kira bugi, ƙarafa a waje, manyan tayoyi, kujera guda tak. Babu wurin mutum na biyu. Shi zai tuƙa, shi zai karanta hanya, shi zai yi gyara in ta lalace. A taƙaice babur ya sake ƙerawa, ya ƙara masa ƙafa biyu da rufi. Bai kai Dakar da ita ba.

Dabarar ba ta wauta ba ce. Mota mara nauyi ta fi shawagi bisa rairayi, kuma daga baya wani Bafaranshe, Jean-Louis Schlesser, ya ci Dakar sau biyu da bugi, a 1999 da 2000. Sai dai tasa mai kujera biyu ce. Abin da kujera gudan nan ta Auriol ke nunawa shi ne halin mahayin babur: ya saba da kaɗaici har ya zame masa jiki, bai yarda wani ya karanta masa hanya ba.

To, me ke canzawa in mutum ya bar babur ya shiga mota? Da farko ido. Mahayi a tsaye yake bisa matakai, kansa na sama, yana hango abin da ke bayan tudu kafin ya kai. Direba a zaune yake, an ɗaure shi da ɗamara kafaɗa da ƙugu, hancin mota ya tare masa gaba. Sa'ad da mota ke hawan tudun rairayi sama kaɗai yake gani, sai ta sunkuya sa'an nan ya san abin da ke jiransa. Sai faɗi. Babur na bukatar hanya mai faɗin tafin hannu, yana ratsa tsakanin dutse da dutse. Mota sawu biyu take bi, dole direba ya riƙa tunanin inda tayar hagu za ta taka da inda ta dama za ta taka, da abin da zai daki cikinta a tsakiya. Sai nauyi. Babur in ya kafe, mahayi ya sauka ya jijjiga shi ya ja shi gefe. Mota ta fi tan guda. In ta hau ƙoƙuwar tudu da sanyin jiki sai ta zauna bisa cikinta, tayoyi huɗu na juyawa a banza. Daga nan sai shebur, da jak, da faranti na ƙarfe da ake shimfiɗawa ƙarƙashin taya, da rage iskar tayoyi domin su baje. Aikin sa'a guda ke nan ga mutum biyu. Ga mutum guda kuwa, wanda ƙafafunsa ba su daɗe da ɗori ba, sai abin da Allah ya yi.

Akwai kuma wani tarko da ba a cika faɗa ba. Mahayin babur tsoro ne ke tsaronsa. Ya san ba abin da ke tsakaninsa da ƙasa sai rigar fata da hular kwano. Ran da ya shiga mota ya ga ƙarafa sun kewaye shi, sai ya ji kamar ba abin da zai same shi, ya taka totur inda da yana bisa babur da ya sassauta. Jikinsa ya tsira, mota ta karye. Bisa babur gwiwoyinsa ke shanye bugun ƙasa, yana jin kowane rami kafin inji ya ji. Cikin mota ƙarfe ke shan bugun, kuma ƙarfe ba ya kuka sai ya karye. Tsofaffin makanikai na wannan tsere sun sha ganin gwanayen babur sun kashe mota mai lafiya cikin kwana uku.

Amma duk waɗannan ana koyonsu da yawan yi. Wanda ya fi wuya shi ne na kujerar dama. A motar rali mutum na biyu shi ke riƙe da takardar hanya da busol da agogo. Kuskure ne a ɗauke shi yaron mota. Matsayinsa na madugu ne: shi ke cewa a yi dama, a yi hagu, saura kilomita kaza a sami rijiya, a sassauta akwai kwazazzabo. Direba nasa bi. Ga wanda ya taso cikin mota wannan ba komai ba ne, haka ya tarar ana yi. Ga mutum irin Auriol, wanda sunansa duka ya kafu bisa cewa ba ya ɓacewa, sai ya zamana an ce ya miƙa wa wani abin da ya fi kowa iyawa. Idonsa na gaya masa hanya na hagu, muryar da ke cikin kunnensa na cewa dama. In ya tsaya gardama lokaci ya tafi. In ya bi ransa ya yi kuskure sau ɗaya, na kusa da shi ba zai ƙara magana da ƙarfin zuciya ba, kuma madugu mai shakka ya fi rashin madugu haɗari.

Matuƙin jirgin ruwa a kujerar dama

Mutumin da Auriol ya amince wa a ƙarshe ba ɗan tseren mota ba ne tun asali. Sunansa Philippe Monnet, kuma sana'arsa tuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska. Tsakanin 1986 da 1987 ya kewaye duniya bisa teku shi kaɗai cikin kwana 129. Wato shi ma ɗan kaɗaici ne, wanda ya saba neman alƙibla a filin da ba dutse ba itace. Zaɓen ya yi ma'ana. Auriol bai iya sallama hanya ga wanda bai kai shi saninta ba, sai ya nemo wanda teku ta koya wa abin da Tenere ta koya masa.

Suka fara da Lada Samara, mota mai sunan Rasha amma an sake ƙera ta a Faransa da injin Porsche. A 1990 suka ci tseren Fir'auna a ƙasar Masar. A Dakar ta 1991 suka zo na biyar, shekarar da Ari Vatanen ɗan Finlan ya ci da Citroën. Ganin haka kamfanin Mitsubishi na Japan ya ba su Pajero.

Tseren 1992 ya bambanta da na kowace shekara. Ba Dakar aka nufa ba, birnin Kap aka nufa, can ƙarshen Afirka ta Kudu, tafiyar kilomita 12.427. An tashi daga Pari cikin watan Disamba 1991. Aka sauka Libiya, aka shigo Nijar ta Tumu, aka kwana Dirku, aka gangara ta gabas zuwa Ngigmi, aka shiga Cadi. Daga nan hamada ta ƙare. Sauran tafiyar kurmi ne da jar ƙasa da taɓo, ta Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Gabon da Kwango, sa'an nan Angola da Namibiya. A siraran hanyoyin kurmi wanda ke gaba shi ke da iska mai kyau, na baya ƙura yake sha, wucewa kuwa sai da kasada. Saboda haka abin da mutum ya samu cikin rairayin Libiya da Nijar shi ne jarinsa har ƙarshe, kuma a nan Auriol da Monnet suka yi abin da suka iya. Wannan ce kuma shekarar farko da aka yarda ƴan tsere su yi aiki da na'urar GPS, wadda ke karɓar bayani daga tauraron ɗan Adam ta gaya wa mutum inda yake.

Tafiyar ba ta ƙare lafiya ga kowa ba. A Kwango, Gilles Lalay, wanda ya ci tseren bisa babur a 1989, ya yi karo da mota ya mutu. Irin mutuwar da Auriol ya tsallake ke nan da ya sauka daga babur. Kuma in ana lissafin matattun wannan tsere, wajibi ne a sa har da waɗanda ba su shiga ba, ba su kuma ci komai ba: mutanen ƙauyuka da motoci suka take, kamar yarinyar nan ƴar shekara 10 da aka kaɗe a Kita ta ƙasar Mali a 1988. Jaridun Turai sun fi riƙe sunayen direbobi.

Ran 16 ga watan Janairu 1992 aka shiga Kap. Motocin Mitsubishi uku ne a gaba: Auriol, sai Erwin Weber na Jamus da tazarar ƴan mintoci, sai Kenjiro Shinozuka na Japan. Shekara biyar ke nan ba kwana kaɗan tun ranar da aka kwantar da shi a dajin Sanagal. Bayan haka ya koma Citroën, ya zo na uku a 1993, na biyu a 1994.

Waɗanda suka bi sawu

Wanda ya ci ɓangaren babura a tseren Kap wani saurayi ne, Stéphane Peterhansel. Sau shida ya ci bisa Yamaha tsakanin 1991 da 1998, sa'an nan ya sauka da ƙafafunsa lafiya, bai jira abin da ya sami Auriol ba. Shi ma sai da ya yi zaman koyo. Ya shiga mota a 1999, bai ci ba sai 2004. Daga nan kuwa ya ci sau takwas cikin mota, bakwai daga ciki da mutum guda a kujerar dama, Jean-Paul Cottret. Nani Roma ɗan Ispaniya shi ne na uku da ya haɗa biyun, babur a 2004, mota a 2014. Jutta Kleinschmidt ta Jamus, mace ta farko da ta ci Dakar, a 2001, ita ma bisa babur ta fara sanin hamada. Amma ba kowa ke ƙetarewa ba. Cyril Despres ya ci sau biyar bisa babur, kamfanin Peugeot ya ba shi mota irin ta Peterhansel, iyakarsa na uku a 2017.

Duk waɗannan ƴan hamada ne, sun shigo mota da karatun ƙasa a hannu. Wanda ya fito daga tseren kwalta ba shi da ko wannan. Valentino Rossi na Italiya, zakaran duniya sau tara a tseren babura na fili mai kewaye, ya gwada rali na gasar duniya har sau uku. A filinsa ya san kowace kwana kamar tsakar gidansu, domin sau ɗaruruwa yake zagaya ta. A rali kuwa kwanar da ke gaba sai dai a karanta masa ita. A Birtaniya a 2002 ya fita daga hanya tun a zango na biyu. A Niyu Zilan a 2006 ya zo na 11, a 2008 ya koma Birtaniya ya zo na 12. Ga baƙo wannan abin yabo ne, amma tsakaninsa da na gaba akwai nisa.

Yamai, Janairu 2000

A 1995 aka ba Auriol shugabancin tseren gaba ɗaya, kujerar da Sabine ya bari. Ya riƙe ta kusan shekara goma. Shi ya dawo da ayarin Abzin a 1997, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga watan Afrilu 1995, da tseren da aka kira Dakar-Agadas-Dakar.

A shekara ta 2000 an shirya tafiya daga Dakar zuwa Alƙahira, ta ratsa Nijar daga yamma zuwa arewa maso gabas. Ayari ya iso Yamai lafiya. Nan gargaɗi ya zo daga hukumomin Faransa cewa ƴan bindiga na jiran tseren cikin hamada. Auriol ya tara ƴan tsere ya shaida masu ba za a ci gaba ta ƙasa ba. Aka ɗauko manyan jiragen Antonov uku, suka yi kwanaki suna jigilar babura da motoci da kamiyo daga filin jirgin Yamai zuwa Sabha ta Libiya. Zangunan da aka shirya cikin Nijar, har da na Agadas, duk aka soke. Masu masauki da maƙera da ƴan jagora da suka yi wata da watanni suna shiri suka tashi a tutar babu. Tun daga wannan shekara tseren Dakar bai sake taka ƙasar Nijar ba. A 2008 aka soke shi ɗungum bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya, a 2009 ya ƙaura Amurka ta Kudu, a 2020 ya koma Saudiyya.

Auriol ya sa hannu wajen kafa wani tseren, Africa Eco Race, domin a ci gaba da zuwa Dakar ta Maroko da Muritaniya. Ya rasu ran 10 ga watan Janairu 2021, yana da shekara 68, bayan ya daɗe yana fama da ciwon zuciya. A ranar ayarin Dakar na cikin rairayin Saudiyya. Kwana biyar bayan haka Peterhansel ya shiga Jidda a gaba, nasararsa ta 14.